Fito a Bakin Tafkin Keita

Tun da na dawo daga Adar ban samu na gama ɗinkin riga ɗaya cikin natsuwa ba. Da na ɗora ƙafa a kan keke sai wani ya leƙo shago: "Idi, yaya hanya? Ina ƙanwar taka da ka ce za ka ɗauko?" In na fara ba da labari, kafin in kai Madawa wani ya shigo ya ce a koma farko. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi gaba ɗaya, duk wanda ya tambaya in miƙa masa, ni kuma in ci gaba da aikina.

Ga wanda bai sani ba, ni haifaffen Azarori ne, kusa da Madawa a ƙasar Nijar. Zama ne ya kawo ni Sakkwato har na yi aure na tara iyali. Ƙanwata Habsu tana aure a wani ƙauye na bakin tafki a ƙasar Keita. Mijinta Salihu abokina ne. A wurin bida muka haɗu, wato tafiyar nema da mazan Adar ke yi da zarar an gama girbi, muka yi shekaru muna sauke yashi daga kwale-kwale a bakin ruwan Kotonu. Ta hanyata ya ga Habsu. Ni na gaji na koyi ɗinki, shi kuwa ya ci gaba da zuwa yana dawowa, har bara da zazzaɓi ya kayar da shi can, aka binne shi can. Habsu ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba, a waya aka faɗa mata.

Da sanyin bana ya kama, wanmu Hamidu ya kira ni daga Azarori ya ce dangin Salihu sun aiko a zo a ɗauki Habsu. 'Ya'yanta za su zauna a gidan ubansu, lambun da take nomawa kuma ya koma hannun dangi. Na tambayi dalili, ya ce ba maganar waya ba ce. Shi ƙafa ta hana shi doguwar tafiya, don haka aikin ya faɗo kaina.

Na tashi cikin farar shaddar da na ɗinka wa kaina, har da aiki a wuya, don in za a sallami ƙanwata gara a san tana da 'yan'uwa. Daga Sakkwato zuwa Illela ba abin faɗi. A kan iyaka, wajen shiga Ƙonni, na gane na daɗe ban je gida ba. Jandarman da ya karɓi katina ya yi mini tambaya da Faransanci, na buɗe baki ban tarar da komai a ciki ba, sai na ce, "Na'am, yallaɓai?" Ya dubi katin, ya dube ni, ya ce, "Azarori anka haihe ka, kana ce min yallaɓai awa Bakano? Wuce, ɗan'uwa, ka gaida gida." Na bayana suka yi ta dariya. A Sakkwato ana ce mini ɗan Nijar, ga shi a Ƙonni ma an mai da ni baƙo.

A tashar Madawa na sayi kilishi, don wanda ya bi ta garin bai saya ba ba a yarda ya je. Daga nan kabu-kabu ya kai ni Azarori. Na tarar da Hamidu a zaure ya miƙe ƙafar nan mai ciwo. Sai da na sha fura muka gama gaisuwa kafin ya rage murya.

"Hito aka ji," in ji shi. "Tun da tag gama takaba tak koma aikin garka, kullum da sahe sai a ji hito bakin ruwa, daidai wurinta. Kuma ba hiton kowa na ba, na Salihu na. Mutanen garin duk sun san shi."

A wurinmu ba a son fito. Muna yara in ka kuskura ka yi sai ka ji mari a baki, a ce kana kiran aljanu. Salihu kuwa bakinsa ba ya rabuwa da shi. Dattawan garinsu sun yi faɗa har sun gaji, suka ce bakin teku ya ɓata shi. Amma ni da na ji maganar Hamidu ba aljani ne ya zo mini a rai ba. Lambun ne, wanda a can ake ce wa garka. Ƙasar bakin tafki tana da daraja, kuma na san Abdu, ƙanen Salihu, ba shi da wuri mai kyau kamar wannan. Nan take na yanke hukunci cewa wani ake sawa ya ɓuya yana fito don a kori marainiyar Allah. Da wannan fushin na kwana, da shi na shiga motar Buza.

Motar wata tsohuwa ce mai buɗaɗɗen baya, an loda mata buhunan albasa, mu kuma aka ɗora mu bisa albasar. Da na duba sai na ga kusan duk mata ne da tsofaffi. Hanyar takan hau tudu mai baƙaƙen duwatsu, ta gangara kwari mai layukan darbejiya da aka dasa don tare iska, ta sake hawa. Kafin Deule muka shiga yashin wata ƙorama, motar ta yi gurnani ta zauna. Shofer ya leƙo ya ce maza su sauko. Muka dubi juna, mazan da ke da sauran ƙarfi ba su kai a kira su maza ba, kuma ni ne babbansu. Na naɗe hannun riga na kama turi. Taya ta juya ta watsa mini jar ƙasa tun daga hula har takalmi, hannun shaddar kuma ya maƙale a wani ƙarfe ya yage. Ni da nake yi wa mutane faɗa in sun wulaƙanta ɗinki.

Wata tsohuwa da ake kira Inna Rabi, wadda ke zaune kusa da ni, ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Alhaji, rigag ga ta zaman majalisa ta, ba ta hanyar Buza ba." Ban taɓa zuwa Makka ba, amma ban gyara mata ba, don a ranar abin da ya rage mini ke nan.

Da ta ji inda na nufa sai ta gyara zama. "Garin da mataccen ga ka yi ma matatai hito? Wai ba shi son ta taɓa garkatai. Wasu kuma sun ce kiranta shika yi." Na ce mata ƙanwata ce. Ta rufe baki da gefen zane, ta yi ta ba ni haƙuri. Ban ji haushinta ba. Abin da ya tsorata ni shi ne labarin ya tsallake tuddai ya riga ni zuwa Buza. Macen da aka yi wa irin wannan tambari, ko ta koma gidan ubanta maganar za ta bi ta.

Mun shiga Buza rana ta yi sanyi, motar Keita kuwa sai gobe. Inna Rabi ta ce ba za a yi haka da ita ba, ɗan'uwan wadda ta ci namanta a mota ba zai kwana a tasha ba. Mijinta dattijo ne mai rawani irin na Buzaye, wanda ke rufe baki. Aka kawo fura mai kauri an marmasa cuku a ciki, abin da rabona da shi tun ina saurayi. Bayan nan dattijon ya hura gawayi ya ɗora buta. Na shanye ɗan kofin farko, mai ɗacin gaske, na yi godiya na yunƙura zan tashi. Ya riƙe mini gefen riga. "Ina za ka? Yanzu munka soma." Na manta cewa a nan shayi sau uku ake zubawa, kuma tashi bayan na farko rashin ladabi ne. A Sakkwato mun saba da babban kofi da madara da burodi, ka shanye a tsaye ka kama gabanka. A nan shayin dalili ne kawai na a zauna.

Muna zaune na ce masa na lura garuruwan da muka wuto ba maza. Ya ce, "Da rani mata ka riƙe ƙasag ga. Mu baƙi muke. Mu zo mu yi shibka, mu yi girbi, mu tahi. Wani shi komo, wani a aiko da labarinai." Matarsa ta ɗauko allura da zare ta ce in kawo rigar ta kama mini. Na ce ai ni tela ne. Ta ce ta gani, shi ya sa ta tausaya.

Daga Buza zuwa Keita abin da ya ɗauki idona shi ne jerin duwatsu da aka shimfiɗa a jikin tuddai, layi bayan layi, don su tare ruwan sama kada ya kwashe ƙasa. Ɗinki ne sosai, ba karkata. Aka ce mini yawancinsu mata ne suka ɗauko su a ka. Na yi ta kallo ina tunanin shekarun da muka yi muna ɗaukar yashin wasu a bakin teku, alhali a gida mata na ɗaukar dutse.

Na isa ƙauyen da la'asar, da maganganun da na shirya wa Abdu tun daga Azarori. Ban samu na faɗi ko ɗaya ba. Mutumin da ya taro ni ba mai kwaɗayin lambu ba ne. Ya rame, idanunsa sun faɗa, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Bayan an ci tuwo ya ce, "Yaya Idi, wallahi ba mu ƙi ta ba. Habsu tamu ta. Amma mata sun bar zuwa ɗibar ruwa wajen, masu garka kusa da ita ba su hita sai rana ta ɗaga, tumatir na ƙonewa. Ni da kunnena nij ji shi. Ɗan'uwana na, uwa guda uba guda, in kasa gane hitonai?"

Na ce, "Me liman ya ce?"

"Ya ce wanda yam mutu ba shi komowa. Gaskiya tai. Amma liman ba shi da garka can." Sannan ya ƙara, "In ita shika biya, ta tahi shi huta, mu ma mu huta. Ɗiya kau gidan ubansu za su zamna, ka san al'ada."

Na shiga wurin Habsu na tarar ta riga ta ƙulle kayanta a gefe, ƙaramar 'yarta na barci a cinyarta. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafi ba, kuma hakan ya fi kuka tayar mini da hankali. Na tambaye ta ko tana zargin wani. Ta girgiza kai ta ce, "Yaya, ka bari da sahe mu tahi ka ji."

Bayan sallar asuba muka fita mu biyu. Tafkin yana ja da baya ne a hankali in rani ya shigo, masu lambu kuma suna bin sawunsa suna shuka a danshin da ya bari. Na Habsu shi ne na can ƙarshe, inda laka ta fi faɗi. Tsuntsayen ruwa sun cika wurin, farare da baƙaƙe da ƙanana masu gudu a bakin ruwa, irin waɗanda ba wanda ya damu ya san sunansu. Ta ɗauki bokiti ta fara ban ruwa, ni kuma na tsaya ina leƙen ciyayi ina neman ɗan iskan da ke ɓuya.

Sai na ji shi. Fito ne siriri mai sauri, a jere, kamar ana kiran wani daga nesa. Ba zan ɓoye muku ba, sai na ji bakina yana karanta abin da ya samu. Salihu ne sak. Haka yake yi in ya hango ni daga kan kwale-kwale. Na dubi Habsu, ta dakata da bokitin a hannu, ta ɗan sunkuyar da kai kamar mai amsa gaisuwa, sannan ta ci gaba da aikinta.

Da aka sake yi ne wani abu ya buɗe a kaina. Na ga lakar Kotonu in ruwan teku ya janye, na ji warinta. Akwai wasu tsuntsaye masu ruwan ƙasa da dogayen ƙafafu da ke fitowa farautar ƙananan kaguwa, bakinsu dogo a lanƙwashe, shi ya sa muke ce musu Mai-lauje. Salihu kan zauna a gefen kwale-kwale yana kwaikwayon kukansu har su riƙa amsa masa. Wurinsu ya koyi fiton. Na daɗe da mantawa, don wa zai kawo tsuntsun bakin teku cikin duwatsun Adar? Mutanen garin kuwa ba su taɓa jin tsuntsun ba, Salihu kawai suka sani.

Na lallaɓa bakin laka ina dubawa, na daɗe kafin in gan shi, don launinsa da na ƙasar ɗaya ne. Yana tsaye shi kaɗai nesa da sauran, girmansa bai kai na zabuwa ba, yana soka bakin nan cikin laka yana zarowa. Fiffikensa ɗaya ya ɗan sauka, da gani ya taɓa jin ciwo. Na ce, "Habsu, ga shi can! Tsuntsu ne! Dubi!" Ba ta ɗago da wuri ba. Ni kuwa murna ta hana ni lura, na kwasa da gudu cikin gari da yagaggiyar shaddata.

Na taho da Abdu da liman da wasu dattawa, mata na biye daga nesa. Tsuntsun kuma, kamar da gayya, ya yi gum. Muka yi ta tsayuwa har wani dattijo ya fara cewa mutanen birni ba abin da suka iya sai musu. Da na ga za a watse sai na ɗauki ɓangaren busasshiyar laka na jefa kusa da shi. Ya zabura ya ɗan tashi ƙasa-ƙasa, ya buɗe baki a gaban kowa ya rangaɗa fiton nan.

Abdu ya zauna daɓas a ƙasa. Ya fara dariya, dattawa suka kama, liman na cewa ai ya faɗa. Can sai na ga dariyar Abdu ta juye, ya rufe fuska da hula kafaɗunsa na rawa. Na ba su labarin Kotonu da yadda Salihu ke hira da tsuntsayen nan. Daga baya wani ma'aikacin gandun daji da na haɗu da shi a tashar Keita ya ce mini daga ƙasashen sanyi na arewa mai nisa suke tasowa su nufi bakin teku, wani lokaci ɗaya ya gaza a hanya ya yada zango inda ya samu ruwa. Da na ji haka sai na ji tausayin tsuntsun, don na san yadda mutum ke ji in abokan tafiya sun wuce sun bar shi a garin da ba a san harshensa ba.

Wani daga cikin mutanen ya ce a ɗauko bindiga a huta da fitina. A nan ne Habsu ta yi magana, karo na farko tun fitowarmu. Ta ce, "In dai garkag ga tawa ta, ba mai taɓa shi." Abdu ya share fuska ya miƙe ya ce, "Taki ta. Ki tahi ki kwance kayanki." A gaban liman da dattawa ya faɗa, don haka magana ta zauna.

Na ƙara kwana biyu a garin ina shan godiya. Mata suka koma ɗibar ruwa, yara suka riƙa zuwa kallon Mai-lauje suna kwaikwayonsa, iyaye na bin su da faɗa. Ni kuwa ina ta jin kaina, na zo ɗaukar mace ɗaya na bar ta da 'ya'yanta da lambunta. Na kira Hamidu na faɗa masa, ya yi ta sa mini albarka.

Ranar da zan taho Habsu ta rako ni bakin hanya, ta ƙullo mini busasshen tumatir da wake. Muna jiran mota ta tambaye ni ko inda aka binne Salihu akwai irin tsuntsun. Na ce makabartar da ake kai mutanenmu ba ta da nisa da ruwa, suna nan da yawa. Ta gyaɗa kai. Na ce mata cikin raha, "To, yanzu sai ki yi barci da daɗi, tsoro ya ƙare."

Ta dube ni ta ce, "Ni ban taɓa jin tsoro ba, Yaya."

Sannan ta ci gaba:

"Na gode maka, don ɗiyana. Da ba ka zo ba da yanzu ina Azarori ba su. Kuma na san ba shi na ba, na yi makarantar allo, na san wanda yat tahi ya tahi. Da gangan nika ƙin duba wajen." Ta gyara ƙullin tumatirin a hannuna. "Amma kahin ka nuna min tsuntsun, ina da wanda nika gaisawa da shi da sahe."

Motar ta iso, shofer na ta danna oda. Na hau, na juyo in yi mata sallama, amma ta riga ta juya ta nufi bakin tafki, don rana ta fara ɗagawa kuma ba ta yi ban ruwa ba.